Kabari Ɗaya, Uban Kowa

Sharu ɗan Malam Gado ya sayar da kabarin ubansa. Ba sau ɗaya ba, ba kuma don yunwa ba. Ya sayar da shi ga baƙi yana murmushi, yana zuba musu jabana, gahawar nan mai citta, kuma da yayarsa Jummare ba ta tashi tsaye ba, da har yau yana nan yana sayarwa. Duk wanda ya ce muku ƙuruciya ce ta ja shi, ƙarya yake yi. Mutumin da furfura ta fara keto masa a gemu ya wuce a kira shi yaro.

A Hillar Zango aka yi abin, tsohuwar unguwar nan ta gefen Gadarif a ƙasar Sudan, inda mutanen yamma masu tafiya Makka a ƙasa suka sauke kaya da niyyar su noma damina ɗaya, su sami guzuri, su wuce. Damina ta bi damina, har aka haifi 'ya'ya da jikoki. Amma ko yau ka tambayi tsoho a hillar ina ne gida, sai ya ce maka, "Ai muna kan hanya." Shi ya sa ba sa gini da bulo, ba sa taɓa siminti. Gudiyya kowa yake da ita, ɗakin ciyawa mai tsinin kai, da rakuba a ƙofa don inuwa. Matattunsu ma haka: tudun ƙasa, shi ke nan. Ƙasar Gadarif kuwa baƙar laka ce marar amana. Da rani ta dare har ƙafar jaki ta faɗa ciki, da damina ta kumbura ta haɗiye duk abin da aka ɗora mata. Kabarin da ba a kula da shi, ba ya daɗewa ta shafe shi kamar ba a taɓa yi ba. A tsohon ɓangaren maƙabartar, wajen tsamiya, ba abin da ya rage sai fili da ciyawa, in ban da kabari guda da ya tsaya cak. Na Malam Gado ne, kuma Jummare ce ta tsayar da shi.

Jummare mai sayar da kisra ce, gurasar dawa marar kauri, a bakin kasuwar hatsi, inda ake ɗibar leburori zuwa gonakin dawa da riɗi. Mace ce mai ƙarancin magana, hayaƙi ya ci mata ido, wuta ta ƙone mata kan yatsu. Tun da aka kai ubanta, kowace Juma'a da hantsi takan je da butar ruwa da dawa ƙulle a bakin mayafi. Ta cika kaskon da ke wajen kai, ta watsa dawar, tsuntsaye su sauka su ci su sha, ladan ya tafi ga mai kabari. Wajen Larabawan garin mutanen hilla suka ɗauki wannan, har ya zama nasu. In damina ta ɗauke kuma, ta ɗebo ƙasa a kwando ta mayar da abin da ruwa ya ci, ta sake jera duwatsun da ta sha ɗaukowa a ka daga gindin dutse. Sharu bai taɓa kawo ko tsakuwa ba.

Baƙi sun fara shigowa hillar ne bayan da aka zuba kwalta daga birnin Madani. Hawajoji ne farko, Turawan nan masu jaka a baya masu wucewa Habasha, waɗanda wani ya gaya musu akwai unguwar mutanen da suka ratsa Afirka da ƙafa. A lokacin Sharu yana zaman kashe wando a tasha, don masu gonaki sun daina ba shi aikin tara musu leburori, kuma kowa ya san dalili. Shi ya fara tare su. Kai yana da shi, baki ma haka, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Nan da nan ya gane abin da ke sa baƙo ya tafi yana yabo, da abin da ke sa shi ya tafi yana tsaki. Da bakinsa yake faɗa a wajen mai shayi, yana kaɗa ƙafa:

"Baƙo jariri ne, ya jama'a. Kar ka bar shi a rana, kar ka bar maƙogwaronsa ya bushe. Ka zaunar da shi a kan gado tun bai ce ya gaji ba. Babban abu kuma, kar ka kuskura ka ce masa ban sani ba. Wanda ya sha ƙurar mota tun daga Hartum bai zo jin ban sani ba."

Sai ya ƙara wa rijiyar hilla shekaru har ta girmi garin. Tsamiyar maƙabarta ta zama sandar wani waliyyi da ya kafa ta tsiro. Gudiyyar Baba Tsoho, shehun hilla, wadda ba a daɗe da sake mata jinka ba, ta zama ɗakin farko da aka gina a Gadarif. Hawajoji su ɗauki hoto, su gyaɗa kai, su tafi suna kwayyis, kwayyis, wato ya yi kyau. Mutanen hilla suka yi ta dariya, suna cewa Sharu sai a bar shi. Daga nan ɓarnar ta soma, kuma ba shi kaɗai ne mai alhaki ba. Ƙaryar da gari ya yi wa dariya ba ta zama inda aka bar ta.

Daga baya wasu irin baƙi suka fara zuwa. Alhazan Najeriya ne masu manyan riguna, waɗanda suka je Makka a jirgin sama, a hanyar komawa su sauka Hartum su hau bas su zo. Waɗannan ba rijiya ce ta kawo su ba. Kowannensu yana da uba ko kaka da ya fita da sanda da gora, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, sai dai wani ya ce kamar an gan shi wajen Gadarif. In suka je wajen Baba Tsoho, ya karɓe su, a kawo musu abinci, ya saurari sunan, sa'annan galibi ya ce, "Allah ne masani. Mutane da yawa sun bi ta nan." Su tashi da ɗaurarriyar fuska su koma bas. Su ma ba za a wanke su tas ba. Mutumin da ya ɗauko rashin da ya girme shi, yana so a warkar masa kafin motar la'asar ta tashi, da ƙafarsa ya kai kansa kasuwar maƙaryata. Sharu yana kallonsu daga bakin tasha. Ya ga abin da suke nema: wuri ɗaya da za su tsaya su ce nan ne, su yi kuka, su huta. Shi kuma ya san wani wuri mai kyan gani.

Jummare ta daɗe tana ganin alamu. Wata Juma'a ta tarar an juye kwalbar turare a kan tudun. Wata ta tarar da goro. Abin da ya fi damunta shi ne ramukan da take samu a gefen kabarin, daidai cikin tafin hannu, kamar an yakuce ƙasar da yatsu. Ta tare Sharu a ƙofar gudiyyarsa ta tambaye shi.

Ya ce, "Yaya, ke ba ki san matsayin ubanki ba? Baƙin nan ne. In na ba su labarin Baba, yadda ya taso daga Zazzau a ƙasa, yadda ya karantar da hillar nan, sai su ce lalle a kai su ziyara. Ƙasar kuma don albarka suke ɗiba. Sunan Baba har Kano ya kai."

Abin ya yi mata daɗi. Wannan shi ne kuskurenta, kuma ba za a ɓoye shi ba. Wace 'ya ce ba ta son a ce ubanta waliyyi ne? Ta ƙara ƙwazo. Ta riƙa cike ramukan, ta sayi sabon kasko, har ta shafa wa duwatsun farar ƙasa don baƙi su tarar da wuri tsaf. Ita tana gyara haja, ƙanenta yana ciniki. Ya kuma san ranarta, bai taɓa kai kowa ran Juma'a ba.

Ranar da asiri ya tonu Laraba ce, gab da faɗuwar damina, gari ya ɗaure da zafi ko iska ba ta motsi. Jummare tana tsugune tana shafa ƙullu a kan ƙarfen kisra, sai Fatu mai shayi, maƙwabciyarta a kasuwa, ta dawo daga ɗibar ruwa ta dire tulu.

"Ke Jummare, wane attajiri ne ya mutu a hillarku ba ku kira mu cin sadaka ba?"

"Attajiri a hillarmu? Sai dai in ɓatan hanya ya yi."

"To na ga karon jaki, amalanken nan, ɗauke da bulo da buhun siminti ya shiga maƙabartarku. Ƙanenki a gaba cikin farar jallabiyya, yana tafiya kamar shi ya haifi jakin."

Jummare ta bar kisra a wuta.

Tun daga nesa ta hango farar jallabiyyar. An shimfiɗa darduma a ƙarƙashin tsamiya, an kafa kujera, ga tulun ruwan sanyi, ga kayan jabana a faranti. A kan kujerar wata mace ce mai jiki, wadda za ta yi sa'ar Jummare, cikin leshi da gyale irin na mutanen Najeriya. Idonta ya kumbura da kuka, amma fuskarta a sake take. Wani magini Balarabe daga cikin gari ya riga ya kwashe duwatsun Jummare ya tara su gefe kamar shara, ya ja igiya, ya fara jera bulo ta wajen ƙafa. Kaskon tsuntsaye yana kife a ciyawa. An jingina wani allon ƙarfe a jikin tsamiya, da rubutu da farin fenti.

Sharu ya gan ta. Fuskarsa ta yi kamar ta akuyar da aka kama da kai cikin kwandon dawa, amma nan take ya gyara ta. Ya juya ga baƙuwar ya ce, "Hajiya Atine, ga matar da na gaya miki."

Hajiya Atine ta miƙe da ƙyar, ta kama hannun Jummare da hannu biyu.

"Baiwar Allah, ke ce? Ke ce mai kawo ruwan? Malam Sharu ya ce ya daɗe da ɗaukarki kina kular masa da wurin nan, yana sallamarki daga aljihunsa, don ya san wata rana masu shi za su zo. Allah ya saka muku. Wallahi ban taɓa ganin mutanen kirki irin na garin nan ba. Mu a ƙasarmu mace ko ƙofar maƙabarta ba ta zuwa, ga ni yau zaune kusa da babana."

Jummare ta ce, "Babanki."

"Malam Mijinyawa na Haɗeja. Ga sunan nan a allo. Ina goye ya fita. Innata tana nan da rai, ta makance, ta tsufa ba ta san ko matar aure ce ita ko gwauruwa ba. Shekaranjiya na aika mata ta bakin wani alhajin garinmu da ya riga ni tafiya. Na ce a gaya mata an gan shi, cikin mutane ya rasu, an yi masa sutura, har tsuntsaye suna shan ruwa a kansa."

Ta fara kunce bakin gyale tana neman abin da za ta ba ta. Jummare ta zare hannunta.  Ta dubi ƙanenta ta ce, "Zo nan." Suka zagaya bayan tsamiya.

"Yaya, ki saurare ni tukuna."

"Ni ka ɗauka aiki?"

"Magana ce kawai, ya Yaya, malesh, yi haƙuri. Jibi za ta hau bas. Tana tafiya in cire allon in jefar, ginin kuma ya zauna wa Baba. Kin huta da ɗaukar ƙasa a ka. Wa ya yi asara?"

"Baba ya ce kada a ɗora masa ko bulo ɗaya. Kana wurin. Kana riƙe da ƙafarsa ya faɗa."

"Baba ya ce, Baba ya ce. Baba ya ce muna kan hanya, ga shi nan kwance, hanyar ta ƙare a gindin tsamiya."

"Su nawa ne?"

"Su wa?"

"'Ya'yan da ka haifa wa Baba bayan ya mutu. Masu turare, masu goro, masu yakuce masa ƙasa."

Ya kau da kai. Sa'annan ya yi abin da irinsa suke yi in an rutsa su, ya ɗauko addini ya sa a gaba.

"Addu'a ba ta ɓatan hanya, Yaya. Sun yi wa ubanninsu, Allah ya san inda ubannin suke, zai kai musu. Baba kuma yana kusa, ba ya rasa yayyafi. Dube ta. Dube ta da kyau. Matar nan ta je Sinnar, ta je Singa, ta je Mai Wurno, ko'ina ban sani ba, ban sani ba, kamar an haɗa baki. Ta iso nan tana jan ƙafa, ga ciwon zuciya. Na ba ta inuwa, na ba ta ruwa, na ba ta uba. Da bakinta ta ce mini tun da ta yi wayo ba ta taɓa barci mai daɗi irin na garin nan ba. Baba Tsoho da gaskiyarsa, wa ya taɓa tashi daga rakubarsa yana dariya? Je ki gaya mata. Ki kashe ta, ki kashe makauniyar da ke Haɗeja. Ni dai ba ruwana."

Jummare ta leƙa. Hajiya Atine ta bar kujera, ta zauna a ƙasa da leshinta, ta ɗora tafi a kan tudun tana shafawa kamar mai lallashin jinjiri, bakinta yana motsi. Ba ƙarya, fuskar wadda ta sauke kaya ce.  Jibi ne kawai. In ta kame bakinta, matar ta tafi da farin cikinta, tsohuwa ta mutu hankali kwance. Sharu kuma ɗan'uwanta ne, ciki ɗaya, ita ta goye shi. In ta kai shi gaban shehu, sunan gidan Malam Gado za a ja a ƙasa, a kasuwa ma sai an nuna ta da baki. Ta tsaya tana auna wannan, kuma saura kaɗan ta yarda.

Maginin ne ya yanke mata shawara ba da saninsa ba. Tudun ya yi masa tsayi, igiyarsa ta ƙi zama daidai. Ya ɗauki shebur, ya taka kan kabarin da takalminsa ta wajen ƙirji, ya fara sare ƙasar yana watsarwa gefe.

Ba ta san lokacin da ta isa ba. Ta fizge shebur ɗin ta yi jifa da shi, ta ce masa da Larabci ya sauka daga kan ubanta ko ta fasa masa kai da bulon da ya kawo. Ya sauka da baya da baya. Ta juya ga baƙuwar, ba ta sassauta murya ba, don ba ta iya ba.

"Hajiya, tashi. Wannan ba babanki ba ne. Malam Gado ne, mutumin Zazzau, ubana, uban wannan marar kunyar da ke tsaye. Ni na yi masa jinya, a gabana aka ɗauke shi. Ba wanda ya ɗauke ni aiki. Kuma ba ke ce ta farko da aka kawo nan ba."

Hajiya Atine ta dube ta, ta dubi Sharu. Sharu ya taɓa gefen kansa da yatsa, ya rage murya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da ita. Takan yi haka in zafi ya yi yawa."

Da wannan maganar ya tsinke igiyar da ta rage tsakaninsa da yayarsa.

Amma a kan Jummare baƙuwar ta fara sauke fushinta. "Ke wace irin mace ce? In wani abu kike so, faɗi a ba ki. Me na yi miki da za ki zo ki tsaya mini a kan kabarin uba kina ihu?"

"Mu je wajen shehu. In ƙarya nake, ki sa a ɗaure ni."

Aka taru a rakubar Baba Tsoho bayan azahar. Labari ya riga su isa. Maza sun cika inuwa, mata sun jeru a bayan dangar kara. Baba Tsoho ya saurari kowa bai katse ba, sa'annan ya ce, "Kabarin gindin tsamiya na Gado ne. Ni na shiga ramin na karɓe shi."

Hajiya Atine ba ta saki ba tukuna. "Amma Baba, ya san shi. Ya gaya mini dogo ne, yana ɗingisa ƙafar hagu, yana da tabon ƙuna a wuya. Ta ina zai san wannan?"

"Ranar da kika iso ya kai ki kabarin?"

"A'a. Ya ce in huta, zai bi tsofaffi ya bincika. Washegari ya zo da labari."

"Kafin ki huta, kun yi hira?"

"Mun yi. Ya dafa jabana, yana tambayata gida."

"To 'yata, ƙafar hagun nan, wa ya fara ambatonta, ke ko shi?"

 Duk rakubar ta ga lokacin da abin ya sauka a kanta. Da kayanta aka yi mata ado, ta yi ta godiya.

Daga nan bakuna suka buɗe. Mai karon jaki ya ce ya sha kai baƙi wurin. Wani ya tuna alhajin Katsina da ya yanka rago bara don an nuna masa kakansa. Rabin mazan da ke zaune a rakubar sun ci naman ragon nan, kuma ba wanda ya tambayi wane kaka ne, a wane rami. Suka sunkuyar da kai. Ya kamata su sunkuyar.

Hajiya Atine ta ce, "To Baba, na ji. Ina nawa uban?"

Baba Tsoho ya rufe ido, ya maimaita sunan a hankali. "Ban sani ba. Wataƙila yana cikin filin nan, ƙasa ta shafe. Wataƙila ya wuce Sawakin a bakin teku ya hau jirgin ruwa. Ba zan ba ki abin da ba ni da shi ba."

"Abin da kowa ya ce mini ke nan."

"Shi ne abin da ke akwai."

Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe jakarta ta ciro wani farin ƙyalle a ƙulle, cike da baƙar ƙasa, ta miƙa wa Jummare.

"Ungo, ta ubanki ce. Kin faɗi gaskiya, ba zan ce ba ki faɗa ba. Amma kada ki jira godiyata. Jiya ina da uba. Yanzu in je in ce wa makauniya me?"

Jummare ta karɓa. Ba ta ƙirƙiro mata wata amsa ba. Masu cewa gaskiya tana faranta ran baƙo ba su taɓa faɗa wa baƙo ita ba. A hillar nan ba wanda ya kai Sharu sanin abin da ke gamsar da mai ziyara. Abin da ya ƙi sani shi ne ba kowace gamsuwa ce halal ba, kuma wadda ya sayar wa matar nan ta fi rashin da ta zo da shi ciwo.

Sauran magana ta koma kan Jummare. Al'adar hilla ce, in ɗan gida ya yi laifi a gida, a tambayi wanda aka ɓata wa. In ya ce ya yafe, a yi faɗa, a yi fatiha, magana ta mutu a rakuba, hukuma ba ta ji ba. Hajiya Atine ta ce ita sai ta kai ƙara kafin ta bar garin. Amma kowa ya san baƙuwa ce mai tafiya, in ba wani daga gidan Malam Gado ya tsaya ya ba da shaida ba, ƙarar za ta bi ta cikin bas.

Baba Tsoho ya ce, "Jummare, ke ce babba. Me kika ce?"

Sharu ya taso daga inda yake, ya durƙusa a gabanta, farar jallabiyyar tana shan ƙasa. Hawaye ma ya samo, don ba abin da ba ya iya samowa. "Yaya, ke kika goye ni. Halas, ya ƙare, na tuba. Ki duba darajar Baba."

"Wane Baban? Na Haɗeja ko na Katsina?"

Daga bayan danga wata tsohuwa ta ɗaga murya. "Haba Jummare! Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki rufa wa gidanku asiri."

Wasu mazan suka amsa, suna cewa gaskiya ne, a bar shi a nan, kada hilla ta shiga bakin Larabawan gari. Jummare ta gane ba Sharu suke karewa ba, ragon da suka ci suke karewa. Ta dubi ƙyallen da ke hannunta. Ta tuna akwai irinsa a garuruwan da ba ta taɓa gani ba, a ƙasan akwatuna, ana nuna wa jikoki ana cewa ga ƙasar kabarin kakanku. Waɗannan ba sa rakubar, ba a tambaye su ko sun yafe ba. In ta ce ta yafe, mako mai zuwa wata motar za ta tsaya a tasha, wani ya sauko da sunan ubansa a baki.

Ta ce, "Baba, ban yafe ba. Zan tsaya shaida."

Ta tsaya, mai karon jaki ma ya tsaya. Alƙali ya ɗaure Sharu shekara guda saboda zamba. Hilla ta hana shi taka maƙabarta, ta hana shi tarar baƙo a tasha, aka kwance jinkar gudiyyarsa aka ba wani filin. Da ya fito daga kurkuku ba wanda ya amsa masa sallama. Yana Fashaga yanzu, wajen iyakar Habasha, yana yankan riɗi a gonar wani.